Maƙwabci Ya Kafa Injin Niƙa A Jikin Ɗakina, Ni Kuma Ɗan Haya Ne: Ina Mafita?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta isa su saurari muryar ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Saƙon da muka ɗauka yau daga garin Danja ya fito, can kudancin Jihar Katsina. Wani ɗan'uwa ne, malamin makaranta, ya ce a sakaya sunansa. Ya kama hayar ciki da falo, ya biya kuɗin shekara, ya tare da matarsa da jaririyarsu. Wata uku da tarewa, sai maƙwabcin da suka haɗa bango ya sayo injin niƙa ya kafa a zaurensa. Tun daga idar da sallar asuba inji ke tashi, wani lokaci har bayan isha'i. Hayaƙin dizal na shigo musu ta taga, jaririya ba ta barci, bango ya fara tsagewa. Ya gaya wa mai gidan hayar, shi kuma ya ce, "Malam sai haƙuri, ai ba gidana ba ne." Abokai sun rabu biyu, wasu na cewa ya kai ƙara, wasu na cewa ya tattara ya tashi. Tambayarsa ita ce: ɗan haya yana da bakin magana kuwa?

Amsa a taƙaice: yana da shi. Amma akwai abin da nake so mu riƙe tun daga nan har ƙarshen shirin. Yin sana'a a gida ba laifi ba ne, a shari'ar Musulunci da kuma dokar ƙasa. Abin da ake hanawa shi ne cutarwa. Saboda haka ɗan hayar da ya fito yana cewa "a rufe masa sana'a" yawanci shi ke shan ƙasa. Wanda ya fito yana cewa "ga cutar da ake yi mini, ga shaidata, ga gyaran da nake nema", shi ake saurara.

Me ya sa maganar ke da wuya a gari irin Danja?

Duk wanda ya san Danja ya san gari ne na noma. Tumatir, rake, masara, waken suya. Daga Dabai zuwa Kahutu, daga Tandama zuwa cikin gari, da wuya ka shiga layi ka fita ba ka tarar da gidan da ake wata sana'a ba. Nan ana turara shinkafa, can ana matsar man gyaɗa ana suyar ƙuli-ƙuli, gaba ana awara, wani ya mayar da ɗaki guda rumbun masara yana jiran farashi ya tashi, wani ya zuba kaji a bayan gida, wani yana cajin waya da janareta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan yadda mata ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu, yara na kai-kawo da talla. Har yau haka abin yake. Kuɗin makarantar yara da kayan ɗakin 'yan mata da yawa daga irin wannan sana'ar suke fitowa.

To kun ga, idan baƙo ɗan haya ya tashi yana neman a kashe injin da rabin unguwa ke kai niƙa, wa zai goya masa baya? Babu. Shi ya sa sai da dabara.

Abin da malaman fiƙihu suka ce

Da yawa daga cikinmu muna zaton maganar hayaƙi da ƙarar inji maganar zamani ce. Wallahi malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna ta. Tushenta hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya hana mutum ya cutar da wani ko ya rama cuta da cuta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo misalai: buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabci, ko ƙofar da ke kallon tasa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi.

Mukhtasar na Shehu Khalil ya ƙara faɗaɗawa. Daga abubuwan da alƙali zai iya hanawa akwai hayaƙi irin na gidan wanka da ake hura wa wuta, da wari irin na majema, da masussuka a gaban gidan mutum saboda ƙaiƙayi, da duk abin da zai lalata bango, da buɗe shago daidai saitin ƙofar wani. Ku duba maganar masussuka ɗin nan, kamar da mutanen Danja ake, lokacin kaka da injin ɓarzar masara.

Amma ga inda ya kamata mai tambayarmu ya buɗe kunne. A wannan littafin dai, ƙara ita kaɗai, irin ta masu bugun tufafi, ba ta cikin abin da ake hanawa kai tsaye. Masu sharhi ne suka ƙara bayani cewa idan ta tsananta kuma ta dawwama, ko tana girgiza bango, to hukuncin ya canza. Ma'ana, idan ka je gaban alƙali kana cewa "ƙara ta dame ni" kawai, hujjarka ba ta da ƙarfi sosai. Idan ka ce hayaƙi na shiga ɗakin da jaririya ke kwana, kuma ga tsaga a bango, ka zo da manyan hujjoji biyu.

Akwai wani magini a birnin Tunis, Ibn al-Rami, da ya rayu a ƙarni na 14. Alƙalai kan tura shi ya duba rigingimun gine-gine, har ya rubuta littafi a kan hukuncinsu. A ciki an kawo yadda ake gwada ko wurin niƙa na girgiza bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a ɗora busassun ƙwayoyin wani ɗan ƙaramin iri a kanta, sannan a ce mai niƙa ya fara aiki. In ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata. Shekara kusan 700 ke nan fa. Darasin shi ne, tun a lokacin ba a hukunci da "na ji a jikina". Gwadawa ake yi.

Sai ƙa'ida ta ƙarshe a wannan ɓangaren: wa ya riga wani? Malamai sun bambanta tsakanin cutar da aka ƙirƙira daga baya da wadda ka zo ka tarar. In injin ya shekara goma a wurin, kai ka zo ka kama haya kana gani, maganarka ta yi rauni. In kuwa kana zaune aka kawo shi, kamar mai tambayarmu, gaskiya na gefenka. Sai dai kar ka yi dogon shiru, domin malamai da dama na ganin wanda aka ƙirƙiri cuta a gabansa ya yi shiru shekaru masu yawa ba tare da uzuri ba, haƙƙinsa na iya faɗuwa.

Ita kuma dokar ƙasa fa?

A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, akwai babi guda a kan takura wa maƙwabci a cikin muhallinsa. Abin da zai faranta wa 'yan haya rai shi ne, ba sai kai ne mai gida ba kafin ka shigar da ƙara. Muddin kai ke riƙe da wurin bisa haya, kana iya yi da sunanka.

Akwai wata shari'a da ɗaliban lauya ke karantawa, tsakanin Abiola da Ijoma, a Legas, 1970. A unguwar Surulere, wani ya zuba kaji 400 a jikin katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa. Kukan kaji da asuba da warin kashinsu suka hana maƙwabcin sakat. Babbar kotu ta ba shi gaskiya, ta sa a biya shi diyya, ta kuma ba da umarnin a daina cutar da shi. Abin da kotu ke dubawa a irin wannan shi ne yanayin unguwar, da tsananin abin, da tsawon lokacinsa, da ko mutum mai matsakaicin haƙuri zai iya jurewa. Abin da za a jure a bakin kasuwar tumatir daban yake da abin da za a jure a cikin lungun gidajen kwana.

A maganar wa ya riga wani, dokar Turawa ta ɗan saɓa da abin da muka faɗa a baya. A Landan, 1879, wani mai yin alewa ya fi shekara 20 yana daka da manyan turame a ɗakin girkinsa. Sai maƙwabcinsa likita ya gina ɗakin duba marasa lafiya a jikin bangon, ƙara ta hana shi aiki, ya kai ƙara, kuma kotu ta ba likitan gaskiya. To kun ga, irin kotun da ka je na iya canza yadda za a kalli maganarka.

Akwai kuma ƙa'idar ƙara ta tarayya. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2009. A unguwar da gidajen kwana suka cakuɗa da ƙananan sana'o'i da kasuwanci, iyakar ita ce desibel 60 da rana, 50 da dare, kuma dare a wurinsu daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma hirar mutum biyu a ɗaki kan kai wajen 60. Gaskiyar magana, kar ka zauna jiran jami'an tarayya su zo lungunku da na'ura. Amfanin sanin lambar shi ne ka samu abin nunawa. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke auna sauti. Ba su kai na'urar ƙwararru daidai ba, amma sun fi "wallahi ƙarar ta yi yawa".

Hukumar da ta fi kusa da kai ita ce ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da kwashe shara. Ma'aikatan duba-gari na sashen lafiya su ne masu zuwa su duba wari, kwata, hayaƙi da kiwo a cikin gidaje, kuma suna iya ba mutum takardar gargaɗi da wa'adin gyara.

Wane irin maƙwabci ne naka?

Kafin ka ɗaga ƙafa, tsaya ka tantance, domin maƙwabci iri uku ne, kuma kowanne da ƙofar da ake bi.

Na farko, ɗan haya ne irinka, mai gidanku ɗaya. Wannan ya fi sauƙi, domin mai gida na da iko a kansa. In an ba shi ɗaki don kwana ya mayar da shi wurin aikin da ke lalata gini, ya fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kai, a fiƙihu da dokar ƙasa duka. A nan ne ake yawan samun rigimar wuta: mita ɗaya, kuɗin KEDCO a raba daidai, alhali wani na da firiza biyu yana sayar da ƙanƙara, kai kuwa ƙwai biyu da fanka gare ka. Maganin wannan ba faɗa ba ne. A sayi ƙaramar mita a sa wa ɗakinsa, ko a zauna gaban mai gida a sake rabon kuɗin gwargwadon kayan kowa. Haka maganar ruwan rijiya da yashe masai, in masu sayayya na shigowa suna amfani da su.

Na biyu, mai gidan ne da kansa ko iyalinsa ke sana'ar. Nan kana da hujja mafi ƙarfi a doka, domin wanda ya karɓi kuɗinka wajibi ne ya bar ka ka amfana da abin da ka biya. Amma nan ne kuma ka fi zama cikin haɗarin a ce ka tashi. Za mu zo kan wannan.

Na uku, irin na mai tambayarmu: maƙwabcin a gidansa yake, mai gidanka ba shi da iko a kansa. Da ya ce "ba gidana ba ne", gaskiya ya faɗa ta wani ɓangare. Amma Malam, bangon da ke tsagewa na wa ne? Nasa ne. Kai shekara za ka yi ka wuce, shi zai zauna da ginin da ya raunana, da ɗakin da ba wanda zai so ya kama. Kar ka je masa da kukan rashin barci kawai. Kira shi ya zo ya ga tsagar da idonsa. Daga ranar ya zama abokin tafiyarka.

Matakan da za a bi, ɗaya bayan ɗaya

Mataki na farko, tara shaida kafin ka buɗe baki. Samu ɗan littafi, ka riƙa rubuta rana da lokacin da inji ya tashi da lokacin da ya tsaya, na tsawon mako biyu. Ɗauki hoton tsagar bango, ka sa alama da biro a ƙarshenta tare da kwanan wata, bayan mako ka sake dubawa ko ta wuce alamar. Ɗauki bidiyon hayaƙin daga cikin ɗakinka. Na ce daga cikin ɗakinka fa. Kar ka ɗaga waya ta kan katanga ka ɗauki cikin gidan mutane, sai ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara. In jaririya na tari kun je asibiti, ajiye katin.

Mataki na biyu, ka same shi kai da shi. Ba a gaban masu kawo niƙa ba, ba kuma lokacin da ranka ke ɓace ba. Bayan sallar la'asar ko magariba, ka ja shi gefe. Misali: "Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan sana'a. Wata 'yar alfarma na zo nema. Hayaƙin nan yana shiga ɗakin da yarinya ke kwana, ko za ka zo ka gani?" Mutane da yawa ba su san abin da ke faruwa a bayan bangonsu ba, domin su a gefen inji suke. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kuma ka je da gyara a hannu. Inji a matsar da shi daga jikin bango, a yi masa daɓen kankare nasa daban, a sa tsohuwar taya ko roba mai kauri a ƙarƙashinsa. A gyara salansa, a ƙara tsawon bututun hayaƙi ya wuce saman rufi ya kalli wani gefen. A yanka lokaci, misali daga 7 na safe zuwa magariba. In kaji ne, a ɗaga kejin daga katanga, a riƙa kwashe kashin a kan kari, wanda ma taki ne da manoman Danja ke saye. In masu sayayya ne ke tsayawa saitin ƙofarka suna ganin iyalinka, a juya ƙofar shagon ko a sa kariya. Mafi yawan waɗannan kuɗinsu bai kai na zirga-zirgar kotu ba. In kana da hali, ka ce za ka sa wani abu a kuɗin bututun. Ba dole ba ne, amma yana kashe baki.

In sana'ar ta matan gida ce, kar ka tunkari matar mutum. Uwargidanka ta shiga su yi magana ta mata, ko kai ka ga mijin.

Mataki na uku, in bai ji ba, sai manya. Limamin masallacinku ko wani dattijon da yake jin nauyinsa. In abin ya faskara, sai mai unguwa, daga shi sai dagaci, har zuwa fadar Hakimin Danja. Kar ka tsallake mai unguwa ka haura sama, za a dawo da kai wurinsa, kuma ka riga ka ɓata da shi. Ka tafi tare da mai gidanka in zai yiwu, domin maganar ɗan gari mai gida ta fi ta baƙo nauyi a irin wannan zama. Duk abin da aka amince a kai, a rubuta: lokacin aiki, gyaran da za a yi, ranar da za a gama, kowa ya sa hannu da shaidu biyu. Sulhun baki kawai, bayan wata guda kowa da abin da zai tuna.

Mataki na huɗu, hukuma. Rubuta takardar koke zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukumar Danja, ka nemi duba-gari su zo su duba. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Akwai kuma Hukumar Hisba ta jiha da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa, wadda sasanta mutane na cikin aikinta, da zaurukan sulhu.

Mataki na biyar, kotu. Kotun shari'ar Musulunci ta fi kusa, ta fi sauƙin kuɗi, kuma da Hausa za ka yi bayani. In kana neman diyya mai yawa ko umarnin dakatarwa irin na shari'ar kajin Legas, to ka nemi shawarar lauya kan zuwa babbar kotu a Funtua. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar Legal Aid Council, hukumar tarayya mai taimaka wa marasa ƙarfi, tana da ofis a Katsina. Amma ka yi lissafi da kyau: saura wata tara hayarka ta ƙare, shari'a kuma na iya wuce haka.

Abubuwa uku da ba a jira

Duk wannan hawa-hawar da na lissafa, akwai inda ba ta aiki, domin magana ce ta rai.

Ɗaya, fetur. Maƙwabcin da ke bumburutu yana tara jarkoki a ɗakin da ke jikin naka, a gidan da ake girki da itace ko gawayi. Tururin fetur kaɗai ya isa ya kama wuta. Ajiye fetur don sayarwa sai da lasisi, kuma ba a ɗakin kwana ba.

Biyu, maganin hatsi. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhunan wake da masara, wadda wasu ke kira bom, iska mai guba take fitarwa idan ta haɗu da danshi. Iskar na bi ta tsagar bango, ta saman silin, ta ƙarƙashin ƙofa, kuma tana kisa, musamman yara. In ɗakin da ke jikin naka rumbu ne kuma an sa wannan maganin, kar ku kwana a nan. Mafita ga mai hatsin ita ce buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an sa magani ba.

Uku, janareta a cikin zaure ko lungun da iska ba ta wucewa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri da kasala su ne alamu, mutum kuma na iya wucewa cikin barci.

A waɗannan ukun, yau ka gani, yau za ka gaya wa mai gida da mai unguwa. In ba a ɗauki mataki ba, sai hukuma, ko da za a ce ka cika tsegumi.

In mai gida ya ce ka tashi fa?

Wannan shi ne tsoron kowane ɗan haya, shi ya sa da yawa ke haɗiye cuta. To ku sani, a mafi yawan jihohin Najeriya, in babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata guda, mai biyan shekara kuma wata shida. Bayan wa'adin ya cika akwai wata takardar ta kwana 7, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire maka rufi, ko sa kwaɗo a ƙofarka, ko watso kayanka waje da hannunsa. Amma duk wannan kariyar na tafiya ne da shaidar biya. Rasit, ko saƙon banki, ko shaidu. Kuma duk fushin da kake ciki, kar ka ce ka daina biyan haya sai an gyara. Da ka yi haka ka miƙa masa hujjar korarka.

In kuwa kai ne ka ga zaman ba zai yiwu ba, tashi ma mafita ce, ba faɗuwa ba ce. Nemi a zauna gaban mai unguwa a yi maganar ragowar kuɗinka. In cutar daga mai gida ko ɗan hayarsa ta fito, hujjarka ta neman ragowar tana da ƙarfi. In daga gidan wani ce, yawanci sai dai fahimta, misali a dawo maka da kuɗin watannin da suka rage da zarar an samu wanda zai shiga.

Sai abin da ba a yi, musamman mu matasa. Kar ka ɗora hoton mutum da gidansa a Facebook ko TikTok kana zaginsa, ɓata suna laifi ne mai zaman kansa. Kar ka taɓa injinsa ko ka yanke masa waya. Kar ka sayo lasifika don ramuwa. Kuma kar ka tara 'yan unguwa a kansa kafin ka yi masa magana kai da shi.

Ga masu shirin kama haya, rigakafi ya fi magani. Je ka ga gidan sau uku: da sassafe, da rana, da dare. Tambayi me ake ajiyewa a ɗakin da ke jikin naka. Tambayi mita nawa ce a gidan, mutum nawa ke kanta. In da rani ka je, tambayi yadda layin ke zama da kaka lokacin ɓarzar masara. Sannan ko a takardar littafin makaranta ce, a rubuta cewa ɗakunan gidan na kwana ne, duk wanda zai kawo inji ko kiwo sai da yardar mai gida da sauran mazauna.

Malam mai tambaya, ga naka a dunƙule. Kai ka riga injin zuwa, kana da hayaƙi, kana da tsagar bango. Fara rubutu a littafinka daga gobe. Kira mai gidanka ya ga bangonsa. Ku je wurin maƙwabcin tare, ku nemi abu uku: a ɗaga inji daga bango, a ɗaga bututu sama, a yanka lokaci. In ya ƙi, mai unguwa. Kafin nan, ku mayar da shimfiɗar jaririya falo, nesa da tagar.

Ku kuma masu sana'a a gida da ke karanta wannan, gobe in inji na aiki, ku zagaya ku shiga ɗakin maƙwabci ku tsaya minti biyar. Abin da kuka ji, shi yake ji kullum.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan a Danja, Funtua, Bakori, Malumfashi ko wani gari, ya gaya mana yadda suka ƙare, ba tare da kama sunan kowa ba. A tura wa duk ɗan hayar da aka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.